Dikoda ta ce HD, hoto kuma dishi-dishi: Abin da ke faruwa da tashoshin gida a satalayit

Ƙorafi ne da masu haɗa dish suka saba ji daga Kano har Maraɗi. Magidanci ya sayi filasma mai inci 43, ya haɗa da sabuwar dikoda wadda aka rubuta HD ɓaro-ɓaro a jikin kwalinta. Tashar ƙwallon Turai ta fito tar, kamar a miƙa hannu a taɓa ciyawar filin. Da aka murɗo tashar Hausa domin kallon wasan kwaikwayo ko tafsiri, sai fuskoki suka dushe, rubutun ƙasan allo ya riƙa rawa. Daga nan zargi ya hau kan mai shago, ko kan yaron da ya hau rufi ya ɗaura dish.

Galibi babu laifin ko ɗayansu. Dikoda ba ta ƙera hoto. Abin da gidan talabijin ya aika zuwa tauraron ɗan'adam, a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, shi take karɓowa ta warware ta miƙa wa allo. HD ɗin da ke jikin kwali yana nufin za ta iya warware hoto mai inganci idan an aiko mata. Tashoshin gida da yawa kuwa har yanzu ba shi suke aikowa ba.

Bambancin a ƙirge yake. Hoton talabijin tarin ɗigo-ɗigo ne. A tsarin SD da Najeriya da Nijar suka gada, hoto ɗaya na da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, jimilla 414,720. Cikakken HD na da 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato 2,073,600, ninki biyar cif. Akwai kuma ƙaramin HD mai 1280 da 720. A tsohon talabijin mai ƙusumbi na inci 14 ko 21, ɗigo dubu ɗari huɗu sun wadatar, babu wanda ya taɓa kuka. Amma idan aka baza su a kan allo mai inci 43 ko 55, dole ne talabijin ɗin ya cike giɓin da kintace. Kamar a ɗauki hoton fasfo ne a buga shi a girman kalanda. Shi ya sa wasu ke rantsuwa cewa tsohon akwatinsu ya fi sabon fitar da tashoshin Hausa, kuma a idonsu gaskiya suke faɗa.

Kuɗin haya a sararin samaniya

Tambayar da ke biyo baya ita ce me ya hana tashoshin gida komawa HD, alhali kyamarorin da ake ɗaukar finafinan Kannywood da su a yau sun daɗe da wuce nan. Amsar tana cikin aljihu.

Kowane tauraro an raba shi layi-layi, abin da dikoda ke nunawa da TP a shafin neman tasha. Kowane layi na da mitarsa, kuma akwai iyakar abin da zai iya ɗauka. Layi mai faɗin megahaz 36, a tsohon tsarin aikawa na DVB-S, yana ɗaukar kusan megabit 38 a daƙiƙa. Wannan fili shi ake yankawa ana bai wa tashoshi haya, kamar rumfuna a kasuwa, kuma kamfanonin taurari na waje da kuɗin waje suke karɓar hayar.

Tashar SD da aka matse da tsohuwar dabarar MPEG-2 na cin megabit uku zuwa huɗu. Idan aka matse ta da MPEG-4, ɗaya da rabi zuwa biyu ya ishe ta. Tashar HD mai kyau a MPEG-4 kuwa tana son shida zuwa takwas. Ke nan gurbin da tashar HD ɗaya za ta zauna zai ɗauki tashoshin SD uku ko huɗu. Gidan talabijin da ke samun talla da naira yana biyan haya da dala, ba sai an faɗa masa wanne zai zaɓa ba.

Wasu ma ba su tsaya a SD na mutunci ba. Suna rage kason nasu har ƙasa da abin da SD ɗin ke buƙata. Alamar ba ta ɓuya: muddin malami na zaune yana magana hoto lafiya lau, amma da zarar kyamara ta juya kan taron jama'a, ko aka nuna hawan Sallah dawakai na sukuwa cikin ƙura, sai allo ya farfashe ya zama murabba'ai. Wannan ba matsalar sigina ba ce, kuma juya dish ba zai gyara ta ba.

Akwai kuma wata dabara da ta fi ɓata rai. Tasha za ta liƙa HD a ƙarshen sunanta, dikoda ma ta nuna 1080 idan an danna maɓallin bayani, amma shirin da ke ciki tsohon kaset ne ko hoton SD da aka kumbura a ɗakin watsawa. Lambar gaskiya ce, ingancin ne babu.

Murya na fita, allo baƙi ƙirin

Dikodar da ake kira HD ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Abubuwa biyu ne daban dikoda ke yi: kamo saƙon daga tauraro, sannan warware hoton da ke cikinsa. Kowanne na da tsoho da sabo.

A ɓangaren kamowa, DVB-S ya fito ne a tsakiyar shekarun 1990. Magajinsa DVB-S2, wanda aka tabbatar a 2005, yana cusa kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarin bayanai a fili ɗaya. Tsohuwar risiba da ta san DVB-S kawai ba ta ma ganin layin DVB-S2. Za a saka mita daidai, dish na kallon inda ya dace, amma sandar ingancin sigina ta tsaya a sifili.

A ɓangaren warware hoto, tsararraki uku ne: MPEG-2, sai MPEG-4 da ake kuma kira H.264, sai H.265, wanda ke iya ba da hoto iri ɗaya da kusan rabin filin da H.264 ke ci. Idan tasha ta koma sabuwar tsara alhali dikoda ba ta san ta ba, sunan tashar zai fito a jeri, murya ma sau da yawa za ta fito, amma allo ya zauna baƙi. Mutane da yawa kan ɗauka an kulle tashar ne an mayar da ita ta kuɗi. Ba a kulle ba, yaren da take yi ne dikodar ba ta ji. Kuma sabunta manhajar dikoda ba ya magance wannan, domin warwarar a cikin ƙwaƙwalwar ƙarfen take. Sai dai a sayi wata.

Sabuwa tana karanta tsohon tsari ba matsala. Tsohuwa ce ba ta karanta sabo.

Sannan ga waya. Yawancin dikodoji na da mafita biyu a baya: HDMI, da kuma wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya. Mai kai ukun ba ta iya ɗaukar HD ko kaɗan. Duk tashar da aka kunna, dikoda za ta rage ta zuwa layi 576 kafin ta tura ta cikin rawayar. Gidaje da yawa na da dikodar HD da filasma HD, amma abin da ya haɗa su wayar da aka ciro daga tsohuwar na'urar bidiyo ce. Ko an sa HDMI ma, sai an shiga saiti an tabbatar mafitar tana kan 1080, domin wasu dikodojin kan zo a saite kan 576 ko 720.

Ƙaramin abu da ke da alaƙa da wannan shi ne fasalin allo. Tsofaffin shirye-shirye an ɗauke su ne a 4:3, kusan murabba'i, sabon allo kuma 16:9 ne. Idan aka tilasta hoton ya cika allo, sai kowa ya zama gajere mai ƙiba. Baƙaƙen ginshiƙai biyu a gefe ba lalacewa ba ne, hoton ne a siffarsa ta asali.

Masu lura sun san cewa idan hadari ya haɗu, wasu tashoshin kan riga wasu ɗaukewa, kuma sau da yawa na HD ne ke fara tafiya. Ba ingancin hoton ne ya jawo ba. Layukan da ke ɗauke da su galibi ana cusa musu bayanai ne da salon da ke buƙatar sigina mai ƙarfi, don haka dish mai santimita 60 da aka saita shi da ƙyar zai riƙe tashar SD ya saki ta HD. Dish mai santimita 90 da aka saita da kyau ya fi jure damina.

Naɗa: kwafi ne kawai

Ramin USB da ke jikin dikodojin kyauta, irin su Strong da takwarorinta da ke cike a kasuwar Sabon Gari ta Kano da Alaba ta Legas, ya mayar da kowane falo wurin adana shirye-shirye. A sa filash, a danna jan maɓalli, shi ke nan. Amma abin da ke faruwa a ciki ya bambanta da zamanin kaset.

Dikoda ba ta sake sarrafa hoton. Bayanan da ke saukowa daga tauraro take zubawa cikin filash yadda suka zo, galibi a fayil mai ƙarshen .ts. Saboda haka babu zaɓin a naɗa da inganci ko a naɗa da sauƙi. Tashar SD za ta naɗu a SD ko da dikodar ta fi kowacce tsada. Tashar HD kuma za ta naɗu a HD ko da a tsohon akwati mai ƙusumbi ake kallon ta ta wayar rawaya, kuma za ta ci wurin HD.

Lissafin mai sauƙi ne. Megabit ɗaya a daƙiƙa na cin megabait 450 a awa guda. Tashar SD mai megabit ɗaya da rabi za ta ci megabait 675 a awa. Tashar HD mai megabit takwas za ta ci giga 3.6. Filash mai giga 32 zai ɗauki sama da awa 40 na ta farko, amma awa takwas da 'yan kai kawai na ta biyu. Wanda ke son adana tafsirin Ramadan na awa ɗaya kullum har kwana 30, giga 20 zai kashe a SD. A tashar HD mai megabit shida, sai ya tanadi sama da giga 80. A irin wannan shiri, inda murya ce jigo, SD ba aibi ba ce, rangwame ce.

HD na tona asirin filash ma. Wanda ba ya iya rubutu da sauri zai naɗi SD lami lafiya, amma a HD hoto ya riƙa tsalle ko naɗin ya tsaya da kansa. Na jabu, wanda aka rubuta giga 64 a jikinsa alhali cikinsa bai kai takwas ba, zai nuna kamar yana naɗa, sai an zo kallo a tarar fayil ya lalace. Sannan yawancin filash suna zuwa ne a tsarin FAT32, wanda ba ya yarda fayil ɗaya ya wuce giga huɗu. Wasan ƙwallo na awa biyu a HD na iya haura giga bakwai, don haka dikoda ke yanka shi gida-gida. A kan dikodar ba a ganin tsagin, amma idan aka kwashe zuwa kwamfuta sai a ga fayiloli biyu ko fiye. Wanda ya kwafi na farko kawai zai rasa ƙarshen wasa.

Babban faifan ajiya na waje ya fi dacewa da HD, sai dai ramin USB na ƙananan dikodoji ba koyaushe yake ba shi isasshiyar wuta ba. Idan aka ji yana ƙas-ƙas yana ɗaukewa, yunwar lantarki ce.

Me ya sa rimot ke ƙin canza tasha

Rigimar da ta fi tashi a gida ita ce ta lokacin da ake naɗa. Uwargida ta sa a naɗa mata Daɗin Kowa ko Kwana Casa'in a Arewa24, maigida ya zo zai duba labarai, sai dikoda ta ƙi, ko ta nuna masa 'yan tashoshi biyar ko goma kawai daga cikin ɗaruruwa.

Dalili shi ne ƙaramar dikoda na da tiyuna ɗaya ne, wato sashen da ke kama mita, kuma layi ɗaya yake iya riƙewa a lokaci guda. Duk tashoshin da ke kan wannan layin suna shigowa tare, don haka ana iya naɗar ɗaya a kalli maƙwabciyarta. Tashar da ke wani layin kuwa sai an saki na farko. Da yake tashoshin HD kaɗan ne ke shiga layi ɗaya, mai naɗar HD ya fi samun ƙarancin zaɓi.

Raba waya gida biyu ba ya warware matsalar. Dikoda ce ke gaya wa LNB, na'urar nan da ke bakin dish, wane ɓangaren sigina take so: wuta mai ƙarfin bolt 13 na nufin na tsaye, 18 na nufin na kwance, sannan wani sauti mai kilohaz 22 ke zaɓar manyan mitoci. Waya ɗaya ba ta ɗaukar umarni biyu masu karo da juna. Mai son ya naɗi kowace tasha yana kallon kowace, sai dikoda mai tiyuna biyu da LNB mai baki biyu, ko irin LNB na zamani da ke tura layuka da yawa ta waya ɗaya.

Wannan shi ne abin da masu DStv Explora ke biya. Tana da faifan ajiya a ciki da tiyuna fiye da ɗaya, kuma tana aiki da LNB na musamman. Amma naɗin da ta yi a kulle yake, ba a kwashe shi zuwa waya ko filash, kuma hidimar naɗin tana tafiya ne da biyan kuɗin wata. Dikodar kyauta ba ta da wannan ƙarfin, sai dai abin da ta naɗa daga tashar da ba a kulle ba mallakin mai ita ne.

Naɗin da aka saita da lokaci na da nasa tarkon. Ƙananan dikodoji ba su da agogon da ke riƙe lokaci idan wuta ta ɗauke. Daga siginar tauraro suke karanto shi, kuma ba kowane layi ne agogonsa ke daidai ba. Idan ba a saita yankin lokaci kan GMT+1 ba, wanda shi ne na Najeriya da Nijar, naɗi zai kauce da awa guda ko fiye. Jadawalin shirye-shirye da ya kamata ya fito a allo kuwa, a tashoshin kyauta da yawa fayau yake, dole a shigar da lokacin farawa da na gamawa da hannu. Sannan idan tasha ɗaya ta fito sau biyu a jeri bayan an yi binciken tashoshi, ɗaya a tsohuwar mita ɗaya a sabuwa, saitin na manne ne da wadda aka zaɓa. Ranar da aka kashe tsohuwar, dikoda za ta naɗi awa guda na duhu.

Ga masu son tura naɗin zuwa waya, manhaja irin VLC na buɗe fayil ɗin .ts. A ƙaramin allon waya SD na fitowa da kyau fiye da yadda take a filasma, ga sauƙin turawa. Abin da ba ya canzawa shi ne haƙƙin mallaka: adana shiri domin kallo a gida daban, kai shi shagon tura finafinai ana sayarwa daban.

Tashar jiha ba lallai tana sama ba

Wani ruɗanin kuma shi ne ma'anar tashar gida. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da NTA ta ƙasa, da Channels da AIT, ana samun su a tauraro. Amma yawancin gidajen talabijin na jihohi da rassan NTA na garuruwa daga hasumiya suke watsawa, eriya ke kama su. Dish ba ya ganin su komai girmansa. Haka GOtv, duk da cewa 'yar gida ɗaya ce da DStv, ta eriya take aiki, yayin da StarTimes ke da tsarin eriya da na dish.

Maganin wannan shi ne dikoda mai baki biyu, wadda aka rubuta S2 da T2 a jikinta: ramin dish da ramin eriya, tashoshin duka a jeri ɗaya. Da yake tiyuna biyu ne daban, wasu irinta kan bari a naɗi ta tauraro ana kallon ta eriya. Sai dai ramin T2 siginar dijital kawai yake ji. Inda tashar jiha ke watsawa a tsohon tsarin analog, eriyar sai ta shiga talabijin kai tsaye, kuma dikoda ba za ta iya naɗar ta ba.

A nan batun ya haɗu da dogon labarin komawar Najeriya dijital. Yarjejeniyar Janiba ta 2006 ta sa 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adi, Najeriya ba ta cika ba. An ƙaddamar da gwaji a Jos a watan Afrilun 2016 da akwatunan FreeTV, Abuja ta biyo baya a ƙarshen shekarar, Kaduna da Ilorin a 2017, Legas da Kano a 2021. Sauran jihohi da dama ba a kai gare su ba. A 2025 hukumar NBC da kamfanin NigComSat suka bayyana shirin karkata aikin zuwa tauraro, ta yadda dish zai ɗauki nauyin da aka so hasumiyoyi su ɗauka. Tauraron ƙasar, NigComSat-1R, wanda aka harba daga Sin a Disambar 2011, yana zaune ne a digiri 42.5 gabas. DStv na kallon digiri 36 gabas, dish ɗin StarTimes na kallon 5 gabas, masu neman tashoshin Hausa na kyauta da yawa na kallon 16 gabas, masu son na Larabawa kuma 7 yamma. Dish ɗaya mai LNB ɗaya wuri ɗaya yake fuskanta, don haka duk sauyin tauraro na nufin sake kiran mai saiti.

Abin da ya faru a Birtaniya ya nuna inda irin wannan tafiya ke ƙarewa. BBC ta shafe shekaru tana aika tashoshinta na yankuna a SD, mai kallon HD sai ya sauya tasha idan lokacin labaran yankinsa ya yi. A 2023 ta mayar da su HD, sannan a Janairun 2024 ta kashe SD a tauraro gaba ɗaya. Duk mai tsohuwar dikoda ya rasa tashoshin. Babu gidan talabijin da zai yi ta biyan haya biyu a kan shiri ɗaya har abada, kuma a nan gida sauyin mita ko na tsarin matse hoto kan zo ne da sanarwar 'yan kwanaki a ƙasan allo, wani lokacin ma babu.

Saboda haka manyan haruffan HD ko 4K da ke gaban kwali su ne mafi ƙarancin amfani ga mai saye. Ƙananan rubutun gefe ne abin karantawa: DVB-S2 da H.265, sai T2 ga mai son tashoshin eriya. Tsofaffin dikodoji masu H.264 kawai har yanzu suna kan kanta, a sabon kwali, da farashi mai jan hankali. Kafin a biya, mai shago na iya jona ta a dish ɗin shagonsa da wayar HDMI, a buɗe tasha ɗaya ta SD da ɗaya ta HD, a sa filash ɗin da aka zo da shi daga gida, a naɗi minti biyar na kowacce a kalla a nan take.